Gwaggo

Kafin ladan ya gyara murya
na riga na ɗaga mata baki,
ina ɗura ruwa a lagireto
kamar mai ba tsohuwa koko.
Gwaggo muke ce mata a ofishinmu na Kirikasamma.
Fitila ɗaya ta mutu tun bara,
ɗayar sama take kallo, sai ka ce mai duban wata.
Jiniya ta dishe.
Makulli ba ya tashinta sai da turi,
shi ya sa a gangare take kwana,
gindin tsamiya, da dutse a ƙafa.

Sajan Haladu a gaba, littafi a cinya,
Tsalha da Mati a baya kan benci.
Bindiga ɗaya, tocila biyu, igiya, shebur.
Shebur ya fi bindiga shan aiki,
mai musu ya tambayi yashin Marma.

Lita goma a mako.
Ƙauyuka arba'in da ɗoriya.
Masu lissafi, ku raba mana.

Ran Litinin shanu suka faɗa geron Malam Barde.
Muka tarar da sanda a sama, lauje a sama.
Sajan ya sauka, ya cire hula, ya yi sallama,
ya ce a kawo tabarma.
Aka ƙirga zangarniya, aka bi sawu,
Arɗo Giɗaɗo ya daɗe yana kallon ƙasa
kafin ya kwance bakin jaka.
Rana ta faɗi, ba abin da ya zuba sai gumi.
A littafi layi biyu ne kacal.

Ran kasuwa mun ɗauko ɓarawon akuya.
Ba mu muka kama shi ba,
ƙwato shi muka yi daga hannun jama'a.
Yana baya yana kuka,
akuyar tana tauna masa gefen riga.

Na sani, akwai masu hango mu
su tura kuɗinsu cikin hula.
Ban ce ba su da dalili ba.
Akwai kuma daren da mai ya ƙare a hanya,
muka ƙarasa a ƙafa, an riga an gama:
turke ba sa, sawun babura,
da wani dattijo da bai amsa sallamarmu ba.
Har yau shirunsa yana zaune a gidan gaba.

Sai daren da kogi ya cinye hanya.
Ƙarfe biyu waya ta yi ƙara:
Kuluwa matar masunci, kwana biyu a kan gwiwa,
ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta.
Babu wannan a takardar aikinmu,
amma Gwaggo ba ta iya karatu ba,
turi ɗaya ta tashi.

A dawowa taɓo ya riƙe ta har cibiya.
Tsalha ya tuɓe takalmi,
Mati ya saro kacala ya shimfiɗa,
Sajan, da igiyoyinsa uku, ya kafa kafaɗa.
Ni kuwa lallashi nake:
Gwaggo, rufa mana asiri,
gobe in saya miki baƙin mai da kuɗina.
Ta yi tari. Ta yi nishi.
Matar ta yi nishi.
Muka fita.

Saura kaɗan mu ga fitilun Haɗeja
kuka ya tashi a baya,
siriri, sabo, ya fi jiniyarmu kaifi.
Mace ce.
Yanzu tana tatata a bakin fadama,
Ta-Gwaggo duk garin ke kiranta.

An ce sabuwa na tafe daga Dutse.
Shekara uku ke nan tana tafe.
Ni dai na juya mata goshi gangare,
na sa dutse, na shafa ƙofa.
Kwanta, tsohuwa.
Waya ba ta san dare ba.